A garin da ba ku san kowa ba, ta yaya kuke zaɓar inda za ku ci abinci?

Mai Sola:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, don abin ya fara taɓa aikina.

Sana'ata haɗa sola ce. Kusan kowane wata sai na yi kwana goma ko sha biyu a garuruwan da ban taɓa takawa ba. Masauki ba ya ba ni wahala, da na leƙa ɗaki da banɗaki na san ko zan iya kwana. Abinci ne damuwata. Shekara uku ke nan abin da nake yi guda ɗaya ne: in buɗe taswirar waya, in duba gidajen abincin da ke kusa, in nufi wanda masu ci suka fi ba wa taurarin yabo. A tunanina mutum ɗari uku ba za su taru su yi ƙarya ba.

Watan jiya muka je aiki wata makaranta ni da yarona. Sai bayan magariba muka sauko daga kan rufi, ko ruwan kirki ba mu sha ba tun rana. Waya ta nuna min wani wuri mai tauraro 4.7. Muka je, ga ƙofar gilashi, ga sanyin na'ura, masu kai abinci duk da kaya iri ɗaya. Tebur ɗaya ne kawai da mutane. Yaron ya ce shi dai a bar shi ya koma bakin titi, inda ya ga leburori sun yi layi gaban wata tukunya. Har faɗa na yi masa, na ce zai jawo mana ciwo ana tsakiyar aiki.

Ko minti biyar ba a yi ba aka kawo min shinkafa. Gefen faranti da zafi, tsakiya kuwa da sanyi. Na lura sarai, amma yunwa ta sa na cinye. Wajen ƙarfe takwas ke nan. Ƙarfe ɗaya na dare amai ya tashe ni, zawo ya biyo baya, kwana biyu ban iya hawa tsani ba. Yaron nan da na yi wa faɗa shi ya yi jinyata, shi ya ƙarasa ɗaura farantan sola.

Tambayata biyu ce. Taurarin nan na waya aikin banza ne, ko ni ne ban iya karanta su ba? Sannan ku da kuka saba da hanya, me kuke dubawa kafin ku zauna? Akwai kuma abin da ya tsaya min a rai ina kwance: a cikin shekara ukun nan ban tuna ranar da na tsayar da mutum na ce masa "don Allah ina ake cin abinci a nan" ba. Ina shiga gari in fita ban san kowa ba sai wanda ya biya ni.

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah ya ƙara sauƙi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan babbar mota kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma yawancin abin da na ci a rayuwata a hanya na ci shi.

Yaronka ya fi ka gani a ranar. Inda layi yake, tukunya ba ta kwana. Abin da aka sauke yanzu, yanzu zai ƙare, a ɗora wani. Wurin da ka shiga kuwa, kujera talatin mutum uku, ga takardar abinci mai shafi huɗu, ka tambayi kanka: duk waɗannan kalolin yaushe aka dafa su, wa ya ci? Suna nan ajiye suna jiran baƙo irinka.

Ni idan na tsaya, kafin in kalli abinci sai na zagaya na ga inda ake wanke kwanuka. Idan ruwan bahon ya yi kauri, ba a canza shi tun safe, na wuce. Ina kuma kallon hannun mai zubawa, ko shi ne yake karɓar kuɗi, ko da cokali yake ɗiba. Sai tururi. Abin da ba ya tururi ba ya shiga cikina a hanya.

Batun tambaya da ka kawo, shi ya fi min daɗi. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wa zai tambaya da yadda zai tambaya. Kar ka tambayi mai karɓar baƙi a otal, zai dubi takalminka ya tura ka inda yake ganin ya dace da kai. Ka tambayi maigadi, ko bakanike, ko mai faci. Kuma kar ka ce "ina ne wuri mai kyau", ka ce "kai ina kake ci?" Amsar daban take. Wani maigadin ma'ajiyar kaya da na yi wa wannan tambayar ina saurayi, da ƙafa ya raka ni har wurin, muka ci tare. Daga nan duk sanda na bi garin sai na neme shi. Da mota ta lalace min a kusa da su cikin damina, ɗansa ne ya kwana yana gadinta. Har ya rasu muna zumunci.

Maman Husna:

Malam Mai Sola, sannu da jiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ɗan saka baki ta ɓangarenmu.

Mutane kan ɗora laifi a kan abin da suka ci na ƙarshe, alhali ba kullum ba ne. Ƙwayar Salmonella na iya ɗaukar awa 6 har zuwa kwana 6 kafin ta nuna kanta, Campylobacter kuwa kwana 2 zuwa 5. Amma naka labarin, amai mai ƙarfi awa biyar bayan cin shinkafar da aka ɗumama, ya yi kama da gubar wata ƙwaya da ake kira Bacillus cereus. Tana da wani irin kwanso da dahuwa ba ta kashe shi. Idan aka bar dafaffiyar shinkafa a waje ta huce a hankali, sai ƙwayar ta farka ta yi ta yaɗuwa tana zubar da guba, kuma gubar ba ta mutuwa ko an sake ɗumamawa. Shi ya sa ake cewa dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selshiyas nan ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa: ko dai ya zauna da zafinsa a kan wuta, ko ya shiga firji. Gefe zafi tsakiya sanyi alama ce ta injin ɗumama abinci da aka yi wa gaggawa. Da ka mayar.

Baba Direba, na yarda da kai a kan tukunyar da ba ta kwana, sai dai layi ba ya wanke ruwa. 'Yan gari cikinsu ya saba da wasu ƙwayoyin da za su kwantar da baƙo. Sau da yawa ma ba dafaffen ne ke kawo matsala ba, abin da aka ɗora a kai ne: ɗanyen ganye, yankakken 'ya'yan itace da ya sha ƙuda, da ƙanƙarar da aka jefa a abin sha. Daskarewa ba ta kashe ƙwayar cuta. Ka sayi 'ya'yan itacen da za ka ɓare da hannunka, ka duba murfin robar ruwa ko an taɓa buɗe shi, ka wanke hannu da sabulu, don man goge hannu ba ya kashe komai da komai.

Kar a raina abin nan. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci duk shekara, 420,000 na mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ka riƙa saka ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a sha don mayar da ruwan jiki, a cikin jakar kayan aikinka. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko fitsari ya ɗauke, ko abin ya haura kwana uku, asibiti za ka nufa, ba kemis ba.

'Yar Kicin:

Yayana Mai Sola, na yi shekara huɗu ina aiki a gidan abinci, don haka taurarin nan na san cikinsu. Ranar da muka buɗe, mai wurin ya tara mu ya ce kowa ya ba da tauraro biyar, ya kuma sa 'yan gidansu su ba da. Ba don mugunta ba, tsoro ne, saboda ya san abin da tauraro ke jawowa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Harvard a 2011 kan Yelp, shafin da mutane ke ba wuraren cin abinci taurari, ya gano ƙarin tauraro ɗaya na ƙara wa gidan abinci ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari. A 2017 wani ɗan jarida a Landan ya yi wa rumfar bayan gidansa rajista a TripAdvisor, wani shafin irin wannan, a matsayin gidan abinci, abokansa suka yi ta rubuta yabo, har ta zama ta ɗaya a birnin alhali ba ta taɓa sayar da ko faranti ɗaya ba. Abin ya yi yawan da a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa dokar hana sharhin bogi.

Ko sharhin gaskiya ne ma, mai rubutawa ɗanɗano ya ji, kujera ya gani. Bai shiga kicin ba. Wanda ya kwana yana amai kuma ba kasafai yake komawa ya rubuta ba. Shi ya sa wasu biranen suke raba abin biyu: a New York tun 2010 jami'an lafiya ke duba kicin su ba da A, B ko C a manna a ƙofa. Wannan alamar tsabta take aunawa, ta waya kuwa jin daɗi.

Duk da haka ban yarda a jefar da wayar ba. Baba, kai namiji ne, za ka iya tsayar da maigadi da dare ka bi shi lungu. Ni idan na sauka a baƙon gari ni kaɗai bayan isha'i, wayar ce ke nuna min wurin da ke da haske, da iyalai, da hanyar komawa masauki. Yadda nake yi: ba na kallon jimillar. Ina zuwa kan masu tauraro ɗaya da biyu, na watannin baya-bayan nan, in ga ko kukansu ɗaya ne. Mutum uku da ba su san juna ba suka ce abinci da sanyi, magana ta ƙare. Sai hotunan da masu ci suka ɗauka da kansu, ba na mai wurin ba.

Abu Ammar:

Ni dai guzuri nake yi na kwana biyun farko, kafin nan na gane gari. Kuma ka fi samun sabon abinci da rana tsaka fiye da bayan isha'i. Ka daina bari sai yunwa ta ci ƙarfinka, mai jin yunwa ba ya zaɓe.

Mai Sola:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. 'Yar'uwa 'Yar Kicin, na koma na bi shawararki a kan wurin nan. A cikin wata huɗu mutum biyar sun rubuta cewa an kawo musu abinci da sanyi, ɗaya ma ta ce yaranta sun kwana ba lafiya. Duk suna nan a rubuce tun kafin in je, ban gangara ƙasa na karanta ba.

Maman Husna, na sayi ORS guda goma, suna cikin akwatin kayan aiki kusa da mita. Tambaya ɗaya ta rage: in an haɗa shi a roba, awa nawa zai iya yi kafin a zubar? A kan rufi muke yini cikin rana.

Baba Direba, jibi za mu tafi wani aikin na kwana shida a wani asibiti. Na gaya wa yarona shi zai zaɓa mana inda za mu ci a ranar farko, ni kuma zan tambayi maigadin wurin da kalmominka, shi ina yake ci.

Maman Husna:

Awa 24, bayan nan a zubar a haɗa sabo. Ka rufe robar, ka ajiye ta a inuwa. Allah ya kai ku lafiya.