Garuruwan da suka zama kufai: wanne ne mutum zai iya zuwa ya gani da idonsa?

Ɗan Gwaram:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai bidiyoyin da ke yawo a waya na garuruwan da babu kowa, wani yashi ya cika ɗakuna har saman ƙofa, wani kuma benaye ne a tsakiyar teku. A majalisarmu wasu sun ce haɗi ne na kwamfuta, wasu sun ce aljanu ne suka kori mutanen. Masana, da gaske akwai su? In akwai, mai fasfon Najeriya zai iya zuwa? Mu ma muna da irinsu a nan kusa da za mu kai ɗalibai bayan kaka?

Malamin Tarihi, Birnin Kudu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai su, kuma kowanne an san abin da ya tashe shi.

Mai yashin nan Kolmanskop ne a Namibiya, kimanin kilomita 10 daga garin Luderiz da ke bakin teku. A 1908 wani leburan jirgin ƙasa ya tsinci lu'ulu'u a wurin, Jamusawa suka kafa gari a tsakiyar hamada, da asibiti da makaranta har da masana'antar ƙanƙara, alhali ruwan sha ma daga nesa ake kawo shi. Da aka gano wanda ya fi shi yawa a kudu, wajen bakin kogin Orenj a 1928, sai aka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Zuwa 1956 babu kowa. Gidan da ba a share ƙofarsa a hamada kuwa, iska ce magajiyarsa. Sai da takardar izini ake shiga, kuma da safe ake zagayawa da baƙi, don da rana ta take iska ke tashi da yashi. Mai son ɗaukar hoto da asuba ko da yamma izininsa daban ne, kuɗinsa ya fi yawa. A sa takalmi rufaffe, saboda ƙusa da fasasshen gilashi suna kwance a ƙarƙashin yashin.

Na tsakiyar teku Hashima ne a Japan, kusa da Nagasaki. Tsawonsa mita 480 ne, faɗinsa 160, wato bai kai gonar wani babban manomi a nan ba, amma a 1959 mutum sama da 5,000 ne a kansa suna haƙar kwal a ƙarƙashin teku. Da man fetur ya karɓe kasuwa aka rufe mahaƙar a 1974, cikin 'yan watanni kowa ya kwashe kayansa. An buɗe wa baƙi a 2009. Abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne ba a barin kowa ya shiga benayen, gishirin teku ya cinye rodin da ke cikin kankaren. Wurare uku ne kawai aka killace ake tsayawa a leƙa. Kuma in igiyar ruwa ta wuce rabin mita ko iska ta yi ƙarfi, jirgin ruwan ba zai sauke ku ba, sai dai ya zaga tsibirin ya mayar da ku. Mai hankali yakan ware kwana biyu ko uku a Nagasaki saboda haka.

Pripyat ta Yukiren kuwa a cire ta daga lissafi. An kwashe mutanenta kusan 49,000 washegarin fashewar tashar nukiliya ta Chernobil ta 26 ga Afrilu 1986, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a 2022 aka daina kai masu yawon buɗe ido.

Ejan na Umara, Wudil:
Malam ya gama magana a kan waɗancan. Amma a gaskiya, Japan da Namibiya duka sai da biza, ga katin rigakafin shawara, ga kuɗin jirgi da ya isa mutum ya sayi shanun huɗa. Wanda ya fi kusa da hannun mutanenmu shi ne Hijir, wato Mada'in Salih, sama da kilomita 300 arewa da Madina, kusa da garin Al-Ula. Kaburbura ne sama da 100 da aka sassaƙa a jikin manyan duwatsu, da ƙofofi da ado kamar na fada. Masu binciken tarihi sun jingina su ga Nabaɗawa, wata tsohuwar al'ummar Larabawa 'yan kasuwa, shekara wajen 2,000 da suka wuce. A 2008 ya zama wuri na farko a Saudiyya da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya.

Inda mutane ke yin kuskure uku ne. Na farko, mai bizar Hajji ba shi da damar wannan tafiya, kuma mai ta Umara ma ya tabbatar da sharaɗin bizarsa wajen ejansa kafin ya hau mota, don dokokin suna sauyawa. Na biyu, ba a zuwa bakin ƙofa a sayi tikiti kamar gidan zu. A intanet ake kama gurbi tun da wuri, kuma da motocin wurin ake shiga tare da ɗan jagora, ba da tasin da ta kawo ka ba. Na uku, tafiyar mota daga Madina takan ci awa huɗu ko kusa da haka, saboda haka wanda ya ce zai je ya dawo tsakanin Azahar da Magariba yaudarar kansa yake.

Sai kuma abin da ya fi duk wannan. Ya tabbata a hadisi cewa da Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijir a hanyar Tabuka, ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba, wato Samudawa mutanen Annabi Salihu, sai ana kuka, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu. Shi ya sa malamai da yawa ba sa son a mai da wurin na shaƙatawa da hotuna. Mai niyya ya fara zama da malaminsa.

Mai Haƙar Rijiya, Ringim:
Ni a kan maganar kai ɗalibai zan tsaya, don a nan ne ake jin ciwo. Kusan kowace gunduma a Jigawa da Kano tana da kufanta, inda annoba ko ƙafewar rijiya ko ambaliya ta tashi mutane. Alamarsa ba ta ɓuya: kukoki a jere a tsakiyar gona, tudun toka, kasake birjik a ƙasa, wani lokaci ragowar ganuwa.

A fara da gaishe da mai unguwa ko dagaci, a nemi ya haɗa ku da dattijon da ya san wurin. Yawancin kufai yanzu gonar wani ce, wasu kuma akwai maƙabarta a ciki. Lokaci kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan an kwashe kara da harawa ƙasa ta fito fili. Da damina ko farkon kaka kada a gwada, ciyawa tana rufe komai.

Abin tsoro na ɗaya tsohuwar rijiya ce. Da mutane za su tashi sukan rufe bakinta da itace da kara su zuba ƙasa, shekaru su wuce gara ta cinye itacen, ya rage ɓawon ƙasa kawai a sama. Ramin ya kan kai gaba goma ko fiye. Haka ramukan marina da tsofaffin masai. Duk inda aka ga ƙasa ta ɗan lotsa a zagaye, ko ciyawa ta fi ta kewaye kore, a kauce. Na gaba ya riƙe doguwar sanda yana bugun ƙasa, yara su bi sawunsa a layi ɗaya. In wani abu ya faɗa rijiya, ko akuya ko waya, kada kowa ya shiga. Iskar ƙasan tsohuwar rijiya ba ta numfasuwa, shi ya sa masu sana'ar ke zura fitila mai wuta da igiya tukuna, in ta mutu ba a sauka. Mutum yakan sume a ciki ba tare da ya yi ihu ba, na biyu ya bi shi ceto shi ma ya tafi. Daga nan ake cewa rijiyar tana da aljanu.

Soron da ya rage a tsaye ma kada a shiga. Azara tana iya yin kyau a ido alhali cikinta gari ne, kuma katangar da ruwa ya ci gindinta jingina kaɗai ta ishe ta. Kogon kuka kuma gidan zuma ne, a hana yara jifa.

Ma'aikaciyar Lafiya, Dutse:
Baba, Allah ya saka da alheri. Ƙari a kan maciji: kububuwa da kasa suna son tarin duwatsu da buraguzan gini, kuma ba sa gudu, kwanciya suke a taka su. Kowane yaro ya sa takalmi rufaffe da dogon wando, kada a ɗaga dutse ko a zura hannu a rami. In an yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa da igiya tamau, don ɗaurin yana kashe naman. A cire zobe ko abin hannu kafin kumburi, a ɗora ƙafar a kan itace kamar karaya, a ɗauki mutum a kai shi mota kada ya taka. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake, mutum zai ga kamar lafiyarsa ƙalau, sai daga baya dasashi ya fara jini. Saboda haka tun kafin ranar tafiya a bincika wane babban asibiti ne kusa yake da allurar dafin maciji a ajiye. Ruwa lita 3 ga kowane mutum, da gishiri da sukari na ORS, da babba ɗaya a kan yara goma.

Ɗan Gwaram:
Na gode ƙwarai. Malam, su Surame da Ngazargamu fa da muke karantawa?

Malamin Tarihi, Birnin Kudu:
Suna nan. Surame ta Kanta, Sarkin Kabi, da ganuwarta ta dutse tana jihar Sakkwato, Ngazargamu, tsohon babban birnin Borno da ya faɗi a 1808, tana wajen Gaidam a Yobe, Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, kuma wajen Sabon Birni. Amma duk hanyoyin nan ba na kai yara ba ne a halin tsaron da ake ciki. Ku zo nan Birnin Kudu, Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ku ga zanen shanu na mutanen da a jikin dutse da duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa. Suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, sai makaranta ta rubuto takarda tun da wuri. Ku iso kafin ƙarfe 9, dutsen yana ɗaukar zafi da wuri, kuma a gaya wa yara ba a taɓa zanen da hannu ko a yayyafa masa ruwa don ya fito a hoto.