Ruwan da ke hawa tudu a ƙarƙashin kogin ƙanƙara: lissafina yana toshe magudanar

Jama'a, ina neman taimako kan lissafin ƙanƙarar da ke taruwa a gindin kogin ƙanƙara, wato babban tulin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali a kan ƙasa, inda ruwa ke gudu a magudana a ƙarƙashinsa. Kaurin ƙanƙarar a tsakiyar kwarin da ke ƙarƙashin kogin mita 300 ne, wato nauyin da take dannawa ya kai kusan megafaskal 2.7 (da megafaskal ake auna matsi), kuma a nan ruwa ba ya daskarewa sai a kusan digiri 0.2 ƙasa da sifili. Idan ruwan ya hau tudun fita daga kwarin, nauyi yana raguwa, ma'aunin daskarewa, wato digirin da ruwa ke daskarewa a kai, yana ɗagawa. In zafin gogayyar ruwan bai isa ya ɗumama shi da wannan saurin ba, sai sanyinsa ya wuce ma'aunin daskarewar alhali yana gudu, ya fara fitar da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara masu kama laka.

An san hakan na faruwa idan tudun ƙasa ya fi gangarar saman ƙanƙarar tsayuwa da ninki 1.2 zuwa 1.7. A nawa lissafin, kusurwar gangarar sama digiri 2 ce, ta tudun ƙasa digiri 5.

Ga inda na maƙale: da na sa zafin daskarewa a lissafin, wato zafin da ruwa ke fitarwa idan ya daskare, kilojul 334 a kowane kilo, ƙanƙarar sai ta cika magudanar gaba ɗaya, ruwa ya tsaya. Amma a kogin ƙanƙarar Matanuska na Alaska ruwan yana ci gaba da ɓullowa a bakin ƙanƙarar. Shin in bar ruwan ya bazu a faɗin gindin maimakon magudana ɗaya? Kuma kashi nawa na ƙwayoyin ya kamata in ɗauka ruwa ya tafi da su, ba su manne a rufin magudanar ba? Sannan saboda iskar da ta narke a ruwan, wajen saukar ma'aunin daskarewa digiri 0.074 zan yi amfani da shi ko 0.098 a kowane megafaskal?