Manhajar kwamfuta ta ƙi yi wa wayata root, ina matsalar take?

Ɗan_Kurna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wayata Android 12 ce mai processor na kamfanin MediaTek, ina so in yi mata root, wato in samu cikakken iko a kan tsarinta. Na sauke irin manhajar nan ta kwamfuta da ake cewa danna maɓalli ɗaya kawai za ka yi ta gama root. Na kunna USB debugging (saitin da ke bai wa kwamfuta damar aika wa waya umarni ta kebul), ta ga wayar, amma in ta kusa ƙarshe sai ta tsaya. Kebul ne ko direba (driver, manhajar da ke sa kwamfuta ta gane waya)?

Mai_Gyara: Wa alaikumus salam. Malam, tunda ta ga wayar, kebul da direba lafiyarsu ƙalau. Su KingoRoot, KingRoot da iRoot ɓaraka suke nema a tsaron Android su kutsa ta nan, kuma kasuwarsu ta ci ne zamanin Android 4.4 da 5.1. Tuni aka toshe waɗancan ƙofofin, yanzu waya ma bincikar kanta take yi kafin ta tashi. A Android 12 wahalar banza ce.

Hajiya_Tek: Hanyar yanzu Magisk ce, manhajar root da ake sa wa a waya, kwamfuta ƴar rakiya ce kawai. Fara kwashe hotuna da lambobinka, domin sai an buɗe bootloader (manhajar da ke fara tayar da waya), kuma buɗe shi yana share komai. A Settings na waya, taɓa Build number sau 7, shiga Developer options ka kunna OEM unlocking. Sa platform-tools (kayan aikin Google masu ɗauke da adb da fastboot) a kwamfuta, rubuta adb reboot bootloader, sannan fastboot flashing unlock, ka amince da maɓallin ƙara sauti.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne boot.img, fayil ɗin da ke tayar da Android. Dole ka ciro shi daga firmware (manhajar asali ta kamfanin wayar) mai Build number iri ɗaya sak da na wayarka, ba mai kama da shi ba. Tura shi waya, Magisk ta yi masa patch (ta saka root a cikinsa), dawo da shi kwamfuta ka rubuta fastboot flash boot da sunan fayil ɗin. In ka sa na wata siga, wayar za ta yi ta kunna kanta tana mutuwa a kan tambari. Maganinsa mayar da na asali, don haka adana kwafinsa. Wayar da ta fito daga kamfani da Android 13, fayil ɗin init_boot ake taɓawa maimakon boot.img.

Ɗan_Kurna: Na gode Hajiya. To in fastboot ya ƙi buɗe bootloader ɗin fa?

Mai_Gyara: Akwai mtkclient, wani kayan aiki na kwamfuta, yana buɗe bootloader na wasu MediaTek ɗin, ba duka ba. Kafin ka taɓa komai da shi, kwafi sassan ma'ajiyar waya masu suna nvram da nvdata ka ajiye, nan bayanan IMEI (lambar shaidar waya) suke. Kuma a SP Flash Tool, manhajar zuba firmware a wayoyin MediaTek, kada ka kuskura ka zaɓi Format All, shi ke sa waya ta daina ganin layi. Download Only ya isa.

Sai kuma manhajar banki: da yawa suna ƙin buɗewa a wayar da aka yi wa root. In da ita kake tura kuɗi, nemi wata tsohuwa ka gwada a kanta.