Hanjin jariri ne ke yoyo, ko madarar ce ke huda shi?

Yaya Umar: Salamu alaikum. An turo mini wani sauti, mai maganar na cewa duk yaron da madara ba ta karɓe shi ba, hanjinsa ne ke yoyo, madarar na tsallakawa cikin jini. Wai yana da garin magani mai toshe ramukan. Sadiya, ba abin da ke damun ɗanki ke nan ba? Ni dai maganar ta shige ni.

Sadiya: Shi ne, Yaya. Ranar da na koma aiki aka ba shi madarar gwangwani, ko rabin awa ba a yi ba wuyansa ya yi rududu da borin jini, leɓensa na sama ya kumbura, ya yi ta amai.

Gwaggo Hajo: Ku dai 'yan zamani da neman magana. Mu da munka haihe ku, nonon akuya anka fara ba ku, dakashi kuwa matse shi akai a zubar. Hanjin wa ya huje? Ga Hilani nan, ɗiyansu da nono sunka tashi.

Balki: Gwaggo, Allah ya ƙara girma, amma dakashin nan da ake zubarwa shi ne maganin. Yaya, mai sautin ya ɗauko gaskiya ya haɗa da talla. Hanjin jariri sabon haihuwa kamar rariya mai manyan idanu yake, balle bakwaini. Dakashi na ɗauke da garkuwar da ake kira IgA da sinadaran da ke sa bangon hanjin ya yi ƙwari a kwanakin farko. In aka riga shi da nonon dabba, furotin ɗin da jikin yaro bai sani ba ya fi samun hanyar wucewa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce nonon uwa zalla wata 6, ko ruwa ban da shi.

Yaya Umar: To ai kin gaskata shi ke nan.

Nasiru: Ba ta gaskata shi ba. Yoyon ana auna shi: a ba yaro sukari iri biyu, laktulos da manitol, a duba nawa ya fito a fitsari. Yaran da ke da wannan matsalar, in an ba su madara yoyon ya ƙaru, in an janye ta ya ragu. Ke nan sau da yawa faɗan da jiki ke yi da madarar ne ke buɗe hanjin. Kuma a 1991 an wallafa binciken da aka yi kan jariran karkara a Gambiya, aka samu hanjinsu na yoyo ƙwarai, abin da ya biyo baya kuwa tsumburewa ce. Da yoyo kaɗai ke jawo borin madara, da ƙauyukanmu sun cika da shi, ga zawo ga ruwan da ba tsafta. Amma inda aka ƙirga, jarirai 2 zuwa 3 ne cikin 100.

Balki: Na yarda da rabi, Malam Nasiru. Yoyon da borin madarar, kowane na iya ingiza ɗan'uwansa, ga kuma gado: gidan da ke da asma ko ciwon ƙaiƙayin fata sun fi samu. Abin da na ƙi shi ne garin toshe rami.

Gwaggo Hajo: Hilanin hwa? Kun tsallake.

Balki: Wannan wata magana ce daban, Gwaggo. Fulani da yawa cikinsu na narkar da sukarin madara har tsufa, inda wani babba zai sha ya yi ta kumburin ciki da tusa. Wancan rashin narkewa ne. Na ɗan Sadiya garkuwar jiki ce ke faɗa da furotin, kuma ɗan Bafulatani ma na iya samu.

Yaya Umar: A koma na akuya mana, ko na raƙumi tunda muna da su.

Balki: Na akuya a'a. Furotin ɗinsa ya yi kama da na saniya, mafi yawan yaran da wancan ke tayar wa, wannan ma zai tayar musu. Na raƙumi ba shi da beta-laktogulobulin, ɗaya daga furotin ɗin madarar saniya masu tayar da borin, gaskiya ne, amma ba abincin jariri ba ne. Sadiya, tunda leɓe ya kumbura, kada ki sake gwadawa a gida. Ki riƙa tatsar naki ana ba shi a cikin kofi, ki kai shi sashen yara na UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. In kika ji numfashinsa na shesheƙa, ko tsakar dare ne ki fita. Yawancin yaran da ke da borin madara abin na barinsu kafin shekara 5.

Sadiya: To Anti, gobe in sha Allah.

Gwaggo Hajo: Ni dai ban ga laihin akuya ba. Ki biyo da shi nan in kin hito asibiti, in gani da idona.