Wai duk wanda ya zuba dokar adireshi a functions.php ɗan koyo ne?

Mai Zafi: Salam jama'a, yau raina ya ɓaci wallahi. Wata baiwar Allah ta kawo min shafinta na WordPress (manhajar gina shafukan intanet), duk adireshin da ya fara da /littafi/ ya koma 404, wato ba a samun shafin, ita kuwa jigo (theme, wato fasalin shafin) kawai ta canza. Ina buɗe tsohon jigon sai ga add_rewrite_rule, dokar da ke nuna inda adireshi zai kai mutum, kwance cikin functions.php, fayil ɗin kod na jigon, jigo ya tafi ya tafi da dokar. Abin nan fa fulogin (plugin, ƙarin kod da ba ya cikin jigo) ake masa, fayil ɗaya ya isa. Duk mai zuba shi a jigo ɗan koyo ne, a daina ba su aiki.

Baffa: Ɗan koyo? Kai da iyawarka aka haife ka?

Mai Zafi: Baffa ba da kai nake ba.

Baffa: Da ni kake mana, ni a functions.php nake sakawa kuma shafukan da na haɗa suna nan lafiya lau, kuma Oga da ya koya mana haka yake yi, to ka fito fili ka ce Oga ma ɗan koyo ne mu ji.

Hajiyar Kod: Don Allah ku bar Oga ya huta. Maganar Mai Zafi tana kan hanya, jigo na kwalliya ne, adireshi kuwa na shafin ne ko da wane jigo aka sa. Amma ko a fulogin ɗin ana kwafsawa. Dokar a kan init, matakin da WordPress ke bi duk sanda aka buɗe shafi, ake rataye ta, sannan ba za ta yi aiki ba sai an sabunta jerin dokokin da WordPress ke ajiyewa a rewrite_rules cikin wp_options, teburin saitunansa. Wajen kunna fulogin kuma sai ka fara kiran aikin da ke rijistar dokar kafin flush_rewrite_rules mai sabunta jerin, domin init ya riga ya wuce a lokacin. In akwai sabon suna a cikin index.php?littafi=$matches[1] shi ma sai an shigar da shi ta query_vars, jerin sunayen da WordPress ke karɓa, in ba haka ba get_query_var ba zai ba ka komai ba.

Baffa: Hajiya mun gode da lacca, amma ba ki ce komai a kan zagin ba.

Ƙaramin Su: Ni dai ɗan koyo ne kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Yaya Baffa ni flush ɗin a init na sa shi, komai na tafiya.

Hajiyar Kod: Innalillahi. Cire shi yanzu ƙanena, duk wanda ya buɗe shafin sai an sake gina dokokin gaba ɗaya. In gwaji kake, shiga Settings, Permalinks, ka danna ajiyewa, shi ke nan.

Mai Zafi: Kun gani ko? Ga irinsu nan.

Ƙaramin Su: Haba yallaɓai, tambaya ce ta kawo ni.

Baffa: Wannan wulaƙancin shi ke sa yara ba sa tambaya. Kai ba kai ne bara ka zo nan kana kuka dokarka ba ta kamawa ba, ashe bottom (ƙasan jerin dokoki) ka sa maimakon top (samansa), dokar shafuka ta riga ta cafke adireshin?

Mai Zafi: Kawo hoton inda na faɗa.

Baffa: Wayata ce ta lalace, da ka gani.

Na Saba: Ku duka wahala kuke so. A rubuta a .htaccess, fayil ɗin dokokin sabar Apache, a wuce wurin.

Hajiyar Kod: In sabar Nginx ce fa, ba Apache ba? Ko kallon .htaccess ba ta yi.

Na Saba: Wa ya aike shi Nginx? Apache me ta yi masa?

Baffa: Apache ta tsufa malam, wani abokina ya gwada ya ce ko kusa ba ta kai Nginx gudu ba.

Na Saba: Wane abokin? A kan wane shafi? Kullum abokinka.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda functions.php ba laifi ba ne in jigon ɗa ne (child theme, jigon da ke gadon wani jigo), kamar yadda Oga ya koyar tun farko, kuma Mai Zafi ya yi kuskure da ya kira mutane 'yan koyo, ya janye. Batun Apache a kai wani zauren.

Hajiyar Kod: Admin wa ya yarda? Ba wanda ya ambaci jigon ɗa sai kai, kuma shi ma in an canza shi dokar tafiya take yi.

Mai Zafi: Ba zan janye ba. Admin ai ajinku ɗaya da Baffa.

Ƙaramin Su: Na cire flush ɗin, yanzu /littafi/5 na buɗewa amma /littafi/5/ na ba ni 404, wa zai duba min?

Na Saba: Baffa ina jiran sunan abokin.