Ƙafa 10,000 aka ce ko 11,000?

Matuƙan jirgin saman da muka zanta da su bakinsu ɗaya: in jami'in hasumiya, mai ba jirage umarni daga ƙasa, ya ba ka tsayin da za ka bi, maimaita masa lambar da sunan jirginka, ban da "na ji" kawai. Shi ma ya kasa kunne. Murɗa lambar a na'urar saita tsayin jirgi, abokin tuƙinka ya ɗora yatsa ya tabbatar. Ƙafa 10,000 da 11,000 aka fi rikitawa, in ji su. In kuna kokwanto, ku sake tambayar hasumiya, kada ku yanke tsakaninku. Wani ya tuno Indiya, 1996: an ba jirgin Kazakistan ƙafa 15,000, ya gangaro ya yi karo da na Saudiyya, mutum 349 suka rasu.