Zauren Hausawan Pennsylvania da Ohio: kujerar kwanton barewa ta farko

Ɗan Katsina a Pittsburgh: Assalamu alaikum jama'a. Na gama darasin tsaron farauta, na karɓi lasisi, bana zan fara fita farautar barewa. Na shiga shago na ga kujerun da ake ɗaurawa a bishiya kala-kala, kaina ya ɗaure. Wacce zan fara da ita? Kuɗina bai wuce dala 300 ba.

Baban Khadija: Wa alaikumus salam. A ina za ka yi farautar? Amsar tana nan. In gonar wani ce ya ba ka izini, sayi mai tsani. Tana da nauyi, sai ku biyu ko uku za ku tayar da ita, amma in ta kafu ta kafu, hawanta kamar hawan soro ne. In dajin gwamnati ne, mai tsani wahala ce kawai.

Ɗan Katsina a Pittsburgh: Dajin gwamnati ne, Yaya.

Na Columbus: To ka duba mai hawa da kanta, wadda take gida biyu, mazauni da matakin ƙafa, kana ɗaga ɗaya kana jan ɗaya. Ina da irinta, Summit Viper, a baya nake goya ta kamar jaka. Sharaɗinta miƙaƙƙiyar bishiya marar rassa a ƙasa, mai kaushin ɓawo irin bishiyar ok (oak). Mai santsin jiki haƙoran kujerar ba sa kama ta. Kuma ka ɗaure gida biyun da igiya, don in matakin ya zame kada ya gangara ya bar ka a sama.

Kawu Maharbi: Ku dakata, yarana. Kun fara da kujera, ni kuwa da igiya zan fara. Shekarata ta uku ina wannan harka na kusa barin 'ya'yana marayu. Da sanyin asuba ne, raɓa ta daskare a kan ƙarfe. Na hau lafiya har sama, ɗamarata ta hana faɗuwa tana jikina amma ban maƙala ta a bishiyar ba, don a lokacin sai na zauna nake maƙalawa. Ina ɗaga ƙafa daga matakin ƙarshe zuwa kujera, takalmi ya sulɓe. Allah Ya sa hannuna na dama yana riƙe da reshe. Na ji fitilar goshina ta faɗi, sai da na ƙirga kamar biyu kafin na ji ta bugi ganye a ƙasa. Ranar ban yi farauta ba, na sauka ina karkarwa na koma mota.

Abin da na koya: yawancin faɗuwa wajen hawa da sauka take faruwa, musamman wajen tsallakawa kan kujera. Saboda haka ɗamara mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, ba tsohon ɗaurin ƙugu ba. Sannan doguwar igiya daga saman kujera har gindin bishiya, mai ƙullin Prusik da kake turawa sama kana hawa, in ka faɗi ya cije. Tun ƙafarka tana ƙasa ka maƙala, kada ka kwance sai ta dawo ƙasa. Cire kuɗin waɗannan biyun tukuna, abin da ya rage ka sayi kujera.

Ɗan Katsina a Pittsburgh: Subhanallahi. Kawu, ai na ga ana haɗo ɗamara a cikin kwalin kujerar.

Kawu Maharbi: Ana haɗowa, kuma tana aiki. Sai dai saka ta cikin duhu da hannu mai sanyi aiki ne, shi ya sa mutane ke barinta a mota. Sayi mai kamar falmaran. Madaurin da ke haɗa ɗamarar da bishiyar ka ɗaga shi sama da kanka yadda in ka zauna babu sako-sako.

Likita: Ƙari kan maganar Kawu. Ratayuwa a ɗamara ma haɗari ce in ta daɗe, jini yana taruwa a ƙafafu, mutum yana iya suma. Akwai ɗan madauri da ake taka ƙafa a ciki a miƙe, ka ajiye shi a aljihun gaba, waya ma haka. Ka gwada a bishiya kusa da gida, tsayin ƙafa biyu daga ƙasa, wani yana tsaye kusa.

Baban Khadija: Bindiga ba a hawa da ita. Cire harsashi, ɗaura ta a igiya bakinta ƙasa, in ka zauna ka jawo. Duba nauyin da aka rubuta kujerar za ta iya ɗauka, galibi laba 300 ne, kuma har da kayanka ake lissafi. Hawan ƙafa 15 daga ƙasa ya ishe sabon shiga. Ka ɗaga kai ka kalli bishiyar da rana, wani ƙwaro ya kashe itatuwan da ake kira ash da yawa a yankinmu, suna tsaye amma matattu ne. A dajin gwamnati na Pennsylvania an hana matakan da ake murɗawa cikin itace, kuma in za ka bar kujera a can sai da shaidar mai ita a jiki.

Na Columbus: Kada ka sayi kujera ta hannu tukuna. Rana tana cinye madauri, kurege ma yana gaigayarsa.

Ɗan Katsina a Pittsburgh: Allah Ya saka da alheri. Kawu, ko Asabar kana gida?

Kawu Maharbi: Ina nan bayan azahar. Zo da takalmin da za ka yi farautar da shi, akwai bishiya a bayan gidana.